Baƙin allo a ƙasar da ake yanke layi: abin da Khartum da Omdurman ke nuna wa mai son koyon Linux

A farkon watan Fabrairun 2024 wayoyin miliyoyin mutane a Sudan suka yi tsit. Manyan kamfanonin sadarwa uku na ƙasar, Zain da MTN da Sudani, duk suka ɗauke cikin 'yan kwanaki, aka kuma ɗora alhakin kan dakarun RSF waɗanda a lokacin suke riƙe da mafi yawan birnin Khartum, inda cibiyoyin na'urorin kamfanonin suke. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum, wadda da ita 'yan uwa da ke Saudiyya da Masar suke turo kuɗin cefane, ta gagara buɗuwa. Ɗakunan girkin taimako da ake kira takaya, waɗanda matasan unguwanni ke ciyar da jama'a da su a Omdurman da Bahri, da yawansu suka sauke tukunya saboda hanyar karɓar gudummawa ta toshe. Layi ya soma dawowa ne bayan injiniyoyi sun sake tayar da na'urori daga Port Sudan, ɗaruruwan kilomita daga fagen yaƙin.

Wannan aiki na ɗaukar hidimar da ta mutu a wani wuri a raya ta a wani wurin daban sana'a ce mai zaman kanta. Masu yin ta su ne masu kula da tsarin kwamfutoci, waɗanda 'yan ofis ke ce wa admin. Ba a cika ganinsu ba sai ranar da abu ya lalace. Kayan aikinsu na farko kuwa shi ne baƙin allon nan da babu hoto a kansa, babu abin dannawa, sai layi ɗaya yana jiran a rubuta masa umarni. Yawancin kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ma'ajiyar bayanai a duniya a kan babbar manhajar Linux suke tafiya, kuma ta wannan allon ake sarrafa su.

Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai Hausawan Sudan su kansu, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nilu Shuɗi, suka bazu a Jazira da Gadarif da Kasala, suka kuma cika unguwanni a kudancin Khartum da Omdurman. Akwai kuma dubban ɗalibai daga Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum da Jami'ar Musulunci ta Omdurman, waɗanda aka kwashe ta iyakar Masar da ta Port Sudan bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023. Da yawansu da jakar hannu kaɗai suka fita. Duk wanda ya taɓa neman takardar sakamakonsa daga makarantar da aka kulle, ko aka wawashe ofisoshinta, ya san cewa batun inda ake ajiye bayanai ba zancen 'yan kwamfuta ba ne kawai.

Shekaru ashirin a bayan ƙofa

Dangantakar matasan Khartum da Linux ta girmi wannan yaƙin. A watan Nuwamban 1997 gwamnatin Bill Clinton ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci, wanda ya haramta wa kamfanonin Amurka sayar wa ƙasar kaya da hidima, har da manhajoji. Sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage shi, sunan Sudan kuma bai fita daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da goyon bayan ta'addanci ba sai a Disamban 2020. A tsakanin nan an haifi yara, sun girma, sun gama jami'a, ba su taɓa iya sayen lasisin Windows ta hanyar da ta dace ba. Kantin manhajoji na Google Play ya daɗe yana rufe musu ƙofa. A farkon 2014 dandalin karatu na Coursera ya toshe ɗaliban Sudan tare da na Iran da Kuba. An ɗan sassauta a Fabrairun 2015, lokacin da Amurka ta halatta manhajojin sadarwa na amfanin mutum ɗaya, amma kamfanoni da dama suka ci gaba da toshewa don gudun rigima da hukumominsu.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya san kasuwar kwamfuta a Kano ko Yamai: kwafin sata. A shagunan Suƙ al-Arabi a tsakiyar Khartum ana zuba wa mutum duk manhajar da yake so da kuɗi kaɗan. Sai dai manhajar sata ba ta samun gyaran tsaro yadda ya kamata, kuma sau da yawa da ƙwayar cutarta take zuwa. Mai buga wasiƙa a shago zai iya haƙuri da hakan. Jami'a ko asibiti ko kamfanin sadarwa ba za su iya ɗora rayuwarsu a kai ba.

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta samu gurbi. Ma'anar buɗaɗɗiya ita ce asalin rubutun da aka gina manhajar da shi a fili yake, lasisinta kuma ya ba kowa izinin kwafa da gyarawa da rabawa. Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fitar da zuciyar Linux a 1991, daga haɗuwar biyun aka samu rassa irin su Debian a 1993, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Kada a ɗauka takunkumin bai taɓa wannan ɓangaren ba. A Janairun 2010 shafin SourceForge, wanda a lokacin yake cikin manyan rumbunan buɗaɗɗun manhajoji, ya toshe masu shiga daga Sudan, saboda shi ma a Amurka yake. Bambancin shi ne, da faifai ɗaya na Debian ya shigo gari, mutum dubu za su iya kwafarsa ba tare da sun karya lasisi ba, kuma babu wani kamfani da zai kashe musu shi daga nesa. Akwai kuma rumbunan da ke ɗauke da kwafin manhajojin a jami'o'in Turai da Asiya da Afirka, in wannan ya rufe a leƙa wancan.

Haka aka samu rukunin injiniyoyin da suka ƙware a wannan fanni. A Nuwamban 2012 Khartum ta karɓi baƙuncin taron AFRINIC, hukumar da ke rabon adireshin intanet a nahiyar Afirka. A 2014 aka kafa SdNOG, ƙungiyar masu kula da hanyoyin sadarwa ta Sudan, wadda 'yan sa-kai ke shirya bitoci a ƙarƙashinta, ciki har da na koyon Unix da Linux daga tushe.

Mene ne shel ɗin?

Idan aka buɗe baƙin allon, wata ƙaramar manhaja ce ke zaune a bayansa tana sauraro. Sunanta shel, ma'anar kalmar a Turanci ɓawo, saboda ita ce ta lulluɓe zuciyar kwamfutar, ta bakinta ake magana da ciki. Aikinta irin na tafinta ne: ka rubuta umarni, ta karanta, ta kira manhajar da za ta aiwatar, ta dawo maka da amsa. Stephen Bourne ya rubuta wadda ta zama uwar sauran, ta fito tare da Unix a 1979. Wadda aka fi samu a Linux yau ita ce Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989.

Umarnin farko ba su da yawa. `pwd` yana gaya maka a wace folda kake. `ls` yana jero abin da ke cikinta. `cd` yana kai ka wata. `cp` kwafa, `mv` matsarwa ko canza suna, `rm` gogewa. Wannan na ƙarshen a yi hattara da shi, domin babu kwandon shara a shel. Abin da aka goge ya tafi.

Mai koyo yakan tambaya, kuma tambayar tana kan hanya: me ya sa zan wahalar da kaina da haddar kalmomi alhali da linzamin kwamfuta zan iya jan fayil in ajiye? Ga misali. A ce makaranta tana da fayil mai suna dalibai.csv, mai layi dubu uku, kowane layi da sunan ɗalibi da ajinsa da garinsu, an raba su da waƙafi. Shugaban makaranta yana so ya san ɗalibai nawa suka fito daga kowane gari. Layi ɗaya ya isa:

`cut -d, -f3 dalibai.csv | sort | uniq -c | sort -nr`

`cut` ya yanko gida na uku, wato garin. `sort` ya jera sunayen garuruwan don masu kama da juna su haɗu. `uniq -c` ya ƙirga kowanne. `sort -nr` na ƙarshe ya sa mafi yawa a sama. Sandar tsayen da ke tsakaninsu ita ce sirrin: tana ɗaukar abin da wancan ya fitar ta zuba wa na gaba, kamar yadda ake miƙa kwanon siminti daga hannu zuwa hannu a wurin zuba dakin. Doug McIlroy ne ya kawo wannan tunani a ɗakin binciken Bell, aka sa shi cikin Unix a 1973. Kowace manhaja abu ɗaya ta iya, amma idan aka jona su sai su yi aikin da babu wanda ya tsara tun farko.

Ga wani misalin da ya fi kusa da gida. A Najeriya ana rubuta 'yan da 'ya'ya da alamar ɗauri a gaban y, a Nijar kuwa ƙa'idar rubutu ta zaɓi harafin ƴ. Editan da rubutu ya zo masa daga Kano yana son bugawa a Damagaram ba sai ya bi kalma bayan kalma ba:

`sed "s/'y/ƴ/g; s/'Y/Ƴ/g" labari.txt > labari-nijar.txt`

Ko littafi ne mai shafi ɗari uku, kafin ƙiftawar ido an gama. Za a sake dubawa da ido, saboda wata alamar ɗaurin ta buɗe zance ce, amma kaso mafi girma na wahalar ya tafi.

Dalili mafi ƙarfi a ƙasa irin Sudan shi ne nauyi. Rubutu ba ya cin data. Da umarnin `ssh` injiniyan da ke gudun hijira a Alƙahira ko Injamena zai shiga kwamfutar da ke wani gari ya gyara ta, a kan layin da ko hoto ɗaya ba zai iya buɗewa ba. Haruffa ne kawai ke kai da komowa, kuma a rufe suke da makullin sirri.

Daga umarni zuwa rubutaccen aiki

Idan ka tara umarni da yawa a fayil ɗaya, ka ce wa shel ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da ake kira sikirif. A ganina, sikirif na farko da ya kamata kowane mai koyo ya rubuta shi ne na kwafin ajiya, tun kafin ya koyi wani abin burgewa. Ga samfuri na wata ƙaramar makaranta da ke da faifan ajiya na waje:

```
#!/bin/bash
set -eu
TUSHE="/home/makaranta/takardu"
MASAUKI="/media/faifai/ajiya"
RANA=$(date +%F)
if ! mountpoint -q /media/faifai; then
  echo "Ba a jona faifan ajiya ba" >&2
  exit 1
fi
tar -czf "$MASAUKI/takardu-$RANA.tar.gz" "$TUSHE"
echo "$RANA an kammala" >> "$HOME/rajista.txt"
```

Layin farko yana sanar da cewa Bash ce za ta karanta fayil ɗin. Na biyu yana cewa a tsaya da zarar wani umarni ya faɗi, ko aka kira sunan da ba a ba shi ƙima ba. TUSHE da MASAUKI da RANA akwatuna ne da muka raɗa wa suna da kanmu, kuma a lura, da Hausa muka raɗa. Shel ba ruwanta da yaren sunan matuƙar haruffan boko ne marasa lanƙwasa. `date +%F` yana ba da kwanan wata, shekara a gaba, don kowane kwafi ya zo da ranarsa kada sabo ya danne tsoho. `tar` yana ƙunshe foldar gaba ɗaya cikin ƙunshi guda ya matse ta.

Sharaɗin da ke tsakiya ya fi sauran muhimmanci. Yana duba ko da gaske an jona faifan. Idan babu shi, kuma aka yi rashin sa'a akwai folda mai wannan suna a cikin kwamfutar, sikirif ɗin zai ci gaba da zuba kwafin a cikin kwamfutar da ake tsoron rasawa, rajista tana cewa an kammala kullum, mai makaranta yana barci da munshari. Ranar da ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, ya haɗa da asali da kwafi.

Alamomin zance da ke kewaye da sunayen akwatunan su ma ba ado ba ne. Idan sunan fayil yana da tazara a tsakiya, kamar "sakamakon zango", shel za ta ɗauke shi fayil biyu in ba a rufe shi da su ba. Kuskure a irin wannan wuri ya taɓa kama manya. A Janairun 2015 aka gano cewa wani sikirif a manhajar wasanni ta Steam yana goge duk abin da ke cikin foldar da wani akwati ya nuna, sai a wani yanayi akwatin ya fito babu komai a cikinsa, umarnin ya koma cewa a goge komai tun daga tushen kwamfuta. Wani mai amfani da ita ya rasa fayilolinsa har da na faifan ajiyarsa da ke jone. Akwai manhaja kyauta mai suna ShellCheck da ke karanta sikirif ta nuna irin waɗannan ramuka kafin a faɗa.

Saura a sa aikin ya riƙa yin kansa. Manhajar `cron` ce agogon Linux. Idan aka rubuta `crontab -e` aka ƙara wannan layin:

`0 14 * * 0-4 /home/makaranta/ajiya.sh`

to kullum ƙarfe 2 na rana, daga Lahadi zuwa Alhamis, za a yi kwafin. Na sa 0-4 ne saboda a Sudan Juma'a da Asabar ake hutu. Wanda ke Maraɗi ko Garwa sai ya mai da shi 1-5, Litinin zuwa Juma'a. Amma `cron` tana da hali ɗaya da ba ya yi wa ƙasashenmu daɗi: idan lokacin ya yi kwamfuta tana kashe saboda an ɗauke wuta, ba ta ramawa. 'Yar uwarta `anacron` ita ke duba aikin da aka tsallake ta biya bashi da zarar an kunna. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ambace ta a gefen shafi. A Omdurman ita ya kamata a fara koyarwa.

Kwafin da ke ɗaki ɗaya da asali

Sudan ta ɗanɗana yankewar intanet tun kafin 2024. Bayan kisan masu zaman dirshan a gaban hedkwatar sojoji ranar 3 ga Yunin 2019, an katse intanet na wayar hannu fiye da wata guda, sai 9 ga Yuli ya dawo. Wani lauya, Abdelazim Hassan, ya kai ƙara kotu ya yi nasara, amma da farko layinsa shi kaɗai aka buɗe. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufewa har zuwa 18 ga Nuwamba. Wanda duk aikinsa yana kan intanet, a waɗannan makonnin hannunsa a ɗaure yake.

Yaƙin 2023 kuma ya nuna ɗaya gefen. A watan Mayu na shekarar aka ba da labarin ƙonewar ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta nazarin Sudan da ke Jami'ar Ahliya ta Omdurman, da tarin littattafai da takardun da aka shekara da shekaru ana tarawa. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum. A ɗaya hannun, hotuna da takardu da finafinan da shirin Sudan Memory ya riga ya ɗauka ya mayar na kwamfuta, tare da haɗin gwiwar King's College ta Landan, suna nan ana kallonsu, saboda akwai kwafinsu a wajen ƙasar.

Daga waɗannan biyun ne ake gane hikimar tsohuwar ƙa'idar masu kula da na'urori: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari. Na gida yana cetonka ranar da aka yanke layi, na nesa yana cetonka ranar da ginin ya tafi. Nesa ɗin ma sai an zaɓa: Port Sudan da aka gudu aka fake a cikinta, jiragen yaƙi marasa matuƙa sun kai mata hari a watan Mayun 2025.

Yaya ake tura kwafi nesa a kan layin da ke zuwa yana ɗaukewa? Da `rsync`, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Tana kwatanta ɓangarorin biyu ta tura abin da ya canza kawai, in kuma aka ce mata ta riƙe guntun da ya riga ya isa, ba ta komawa farko bayan yankewa:

```
until rsync -a --partial /media/faifai/ajiya/ malam@saba:/ajiya/
do
  sleep 600
done
```

Ma'anarsa: gwada turawa, in bai yiwu ba, jira minti goma ka sake gwadawa, har sai ya tafi. Kalmar saba a nan tana tsaye ne a madadin adireshin kwamfutar da ke karɓa, kuma sai an riga an haɗa su da makullin `ssh` don kada a riƙa tambayar kalmar sirri. Layi huɗu ne, amma suna yin aikin mutumin da zai kwana yana gadin sigina. In layin ya dawo ƙarfe 3 na dare na minti ashirin, sun gani.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba, ba a san ko kwafi ne ba. Lokaci zuwa lokaci a ɗauki ƙunshi ɗaya a warware shi a wata kwamfutar da `tar -xzf`, a buɗe fayil biyu ko uku a gani da ido. Kuma takardun ɗalibai ko na marasa lafiya da za su bi hanya a cikin aljihu, ta shingayen bincike, a kulle su da `gpg` tukuna.

Sauran aikin mai kula da na'urori na yau da kullum ba shi da armashin ba da labari. Buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, da hana shi taɓa abin da ba nasa ba ta hanyar `chmod` da `chown`. Duba ko ma'ajiya ta kusa cika da `df -h`. Karanta rajistar abin da ya faru da `journalctl` maimakon yin canki-canki. Sabunta manhajoji da `apt`. Har da agogo: ranar 1 ga Nuwamban 2017 Sudan ta mayar da lokacinta baya da awa ɗaya, duk kwamfutar da ba a sabunta mata jadawalin lokutan duniya ba ta wayi gari tana gaba da mutanen gari. Sai kuma abin da babu umarnin da zai magance: zafin watan Mayu da ke haura digiri 40, ƙurar habub da ke toshe fanka, da wutar lantarkin da hare-hare kan madatsar Marawi da tashoshin Omdurman suka ƙara dagulawa a 2025.

Ta ina za a fara?

Ba sai an sayi sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwar laftof da Windows ta yi wa nauyi takan farfaɗo da Debian ko Lubuntu. Wanda ke tsoron rasa abin da ke cikin tasa zai iya zuba Linux a filashi ya tayar da kwamfutar daga nan, ya yi wasa ya cire, ba a taɓa komai ba. Wanda ba shi da kwamfuta sam, wayar Android ta ishe shi farawa, domin ita ma a kan zuciyar Linux aka gina ta. Manhajar Termux tana buɗe baƙin allo a kan waya, da Bash, ana kuma iya ƙara `ssh` da `rsync`. Rubutu da babban yatsa yana da gajiyarwa, amma duk misalan `cut` da `sed` da na kawo za su yi aiki a kanta, a sansanin 'yan gudun hijira na Adre ko a ɗakin haya a Aswan.

Littafin koyon ma yana cikin na'urar. A kwamfuta, `man ls` zai buɗe cikakken bayanin `ls` ba tare da intanet ba, haka kusan kowane umarni. Ana iya sauke fassarar Faransanci ta da yawa daga waɗannan shafuka, kuma littafin jagorar mai kula da Debian na Raphaël Hertzog da Roland Mas da Faransanci aka fara rubuta shi kafin a mayar da shi Turanci, yana nan kyauta. Wannan sauƙi ne ga 'yan Nijar da Cadi da Kamaru. Ɗan Omdurman da ya yi karatunsa da Larabci zai fi jin jiki da farko, amma umarnin da ake buƙata kullum ba su wuce talatin ba, kuma gajerun sunaye ne da ko Baturen Ingila sai an fassara masa su. Babu wanda aka haifa ya san ma'anar `grep`.

Don rubuta Hausa da haruffanta, Linux tana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa a cikinta. A yawancin kwamfutoci `setxkbmap -layout ng -variant hausa` zai kawo ƙ da ɗ da ɓ, ana kuma iya zaɓarsa daga saitin allon rubutu a ajiye shi kusa da na Larabci ko na Faransanci.

Shawarar da nake ba ɗalibai ita ce kada su fara da haddar jerin umarni kamar karatun jarrabawa. A nemi aiki na gaske, komai ƙanƙantarsa. Rajistar Islamiyyar unguwa, lissafin ƙungiyar 'yan kasuwa, hotunan tsofaffin takardun Ajami da ke akwatin kakanni a Mai Wurno. A tsara su a foldoji, a rubuta musu sikirif na ajiya, a sa masa lokaci, a samu ɗan uwa a wani gari da zai karɓi kwafi. Wanda ya kai nan zai iya matsawa gaba ya mayar da tsohuwar kwamfuta saba ta cikin gida, ya ɗora mata Kiwix, manhajar da ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa da ta Larabci da ta Faransanci, yara su riƙa shiga da wayoyinsu ta wayfay ɗin makaranta ko da an rufe layin ƙasa gaba ɗaya.

Masu neman takardar shaida akwai jarrabawar LPIC-1 ta Cibiyar Ƙwararrun Linux, wadda ba ta jingina da reshe ɗaya ba, da RHCSA ta kamfanin Red Hat, wadda a gaban kwamfuta ake yin ta, a ba ka aiki ka aiwatar. Kuɗinsu da dala ne, kuma suna da tsada ga aljihun ɗalibi, don haka gara a jinkirta su har sai hannu ya faɗa. Tun da sojoji suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane suke komawa gidajensu a hankali, suna tarar da ofisoshi babu kwamfuta, an tone wayoyin wuta daga bango saboda jan ƙarfen da ke ciki. Jami'o'i da asibitoci da makarantun da ke sake buɗewa duk sai an ɗora musu na'urori daga farko, an dawo da abin da aka samu na bayanansu, an kuma zauna an sake shigar da wanda ya ɓace daga takardun da suka tsira.